FASHIN BAƘI: Adalcin alƙalin wasa da ladabin ɗan ƙwallo ga 'yan kallo a ƙananan gasanni

Kusan kowace kakar wasa a Najeriya ba ta ƙarewa sai an ji labarin alƙalin wasan da aka lakaɗa wa duka, ko motar baƙi da aka farfasa wa gilasai, ko wasan da aka tashi ba shiri saboda 'yan kallo sun kutsa cikin fili. Idan abin ya faru a babbar gasa, bidiyonsa kan karaɗe Facebook da WhatsApp kafin magariba, hukumar gasa kuma ta fitar da hukunci cikin 'yan kwanaki. Idan a ƙananan rukunai ne, inda babu kyamara kuma 'yan jarida ba su cika zuwa ba, yawanci maganar kan mutu a wurin da aka yi ta.

Wannan bayani ya duba abubuwa biyu da ke ɗaure da juna: mene ne rashin son kai na alƙalin wasa kuma me ke tabbatar da shi, sannan wace iyaka doka ta shata wa ɗan wasa a mu'amalarsa da 'yan kallo. A ƙananan gasanni, kyawun zuciyar alƙali kaɗai ba ya isa ya tabbatar da adalci. Sai an san wanda ya naɗa shi, da wanda ya biya shi, da wanda zai kare lafiyarsa bayan ya busa usur na ƙarshe. Ɗan wasa kuma shi ne mutumin da ke tsaye tsakanin alƙali da taron jama'a, kuma motsin hannunsa guda na iya kwantar da fili ko ya hargitsa shi.

Waɗanne ne ƙananan gasanni?

Ƙwallon ƙafar maza a Najeriya hawa-hawa ce, duka a ƙarƙashin Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Ƙasa, NFF. A sama akwai gasar Firimiya ta Najeriya, NPFL, mai ƙungiyoyi 20. Ƙasa da ita akwai NNL, rukuni na biyu, wadda ake raba ƙungiyoyinta gida-gida tsakanin arewa da kudu domin rage tsawon tafiya. Sai NLO, rukuni na uku, inda ƙananan ƙungiyoyi da makarantun horar da matasa suka fi yawa. Can ƙasa kuma akwai gasannin jihohi da na ƙananan hukumomi, sai kofunan unguwanni da waɗanda 'yan siyasa ke sanyawa da sunayensu.

Kowane hawa aka sauko, abubuwa huɗu ne ke raguwa: kuɗi, tsaro, kyamara da idon hukuma. Abin da ba ya raguwa shi ne zafin neman nasara. Ƙungiyar da ta haura daga NNL zuwa NPFL ta samu ƙarin kasafi da suna da kasuwar sayar da 'yan wasa, wadda ta faɗo kuma tana iya rasa duka a kaka ɗaya.

Asalin alƙali ɗan ba-ruwanmu

A farkon tarihin ƙwallon ƙafa a Ingila babu alƙali a tsakiyar fili. Kyaftin-kyaftin ne ke sasanta saɓani a tsakaninsu. Daga baya kowace ƙungiya ta riƙa zuwa da mai sa ido nata, idan su biyun suka kasa daidaitawa sai su kai ƙara wurin mutum na uku da ke tsaye a gefen fili. Da gasa ta yi zafi kuma kuɗi suka shigo, sai ta bayyana cewa wanda ƙungiya ta kawo ba zai iya yanke mata hukunci ba. A shekarar 1891 aka shigar da mutum na ukun nan cikin fili aka ba shi cikakken iko, masu sa idon biyu kuma suka koma gefen layi riƙe da tuta. A shekarar ce kuma aka shigo da bugun fenariti. Katin gargaɗi da jan kati sun zo ne daga baya, a gasar cin kofin duniya ta 1970 a Meziko, bisa shawarar wani tsohon alƙalin wasa ɗan Ingila, Ken Aston.

Hukumar da ke tsara dokokin wasan ita ce IFAB, wadda aka kafa a 1886. FIFA na da ƙuri'a huɗu a cikinta, hukumomin ƙwallon Ingila, Sikotland, Wales da Ireland ta Arewa kuma kowace na da ɗaya, sannan ba a sauya doka sai da ƙuri'a shida. Dokokin guda 17 ne, kuma su ne ke aiki a wasan ƙarshe na kofin duniya da kuma wasan NLO a filin makarantar sakandare.

Ikon da doka ta ba alƙali

Doka ta 5 ce ta fayyace matsayin alƙalin wasa. Muhimman abubuwan da ta ƙunsa su ne:

- Hukuncinsa a kan abin da ya faru a fili, har da shigar ƙwallo raga da sakamakon wasa, shi ne na ƙarshe.
- Yana iya sauya hukunci idan ya gane kuskure ko mataimakinsa ya ankarar da shi, amma muddin an ci gaba da wasa, ƙofar gyara ta rufe.
- Ikonsa na ladabtarwa na farawa ne daga lokacin da ya shiga duba fili kafin wasa, kuma ba ya ƙarewa sai ya bar fili bayan an tashi.
- Yana da ikon tsayar da wasa, ko jingine shi, ko watsar da shi gaba ɗaya saboda katsalandan daga waje, kamar jifa daga 'yan kallo ko kutse cikin fili.
- Tun daga 2019 yana iya ɗaga wa koci da sauran jami'an benci katin gargaɗi ko jan kati. Idan ba a gane mai laifin ba, babban kocin da ke wurin ne zai ɗauki hukuncin.
- Wajibi ne ya rubuta rahoto ga hukumar gasa a kan duk abin da ya faru kafin wasa, lokacin wasa da bayansa.

Akwai abin da mutane da yawa ke ruɗewa a kansa. Alƙali ba ya ba wata ƙungiya maki uku idan an watsar da wasa. Aikinsa ya tsaya ne a kan dakatarwa da rubuta rahoto. Hukumar gasa ce ke yanke ko a sake wasan, ko a ƙarasa shi, ko a ba ɗaya ɓangaren nasara, wadda a bisa al'ada ake rubuta ta da ci 3 da nema. Saboda haka rahoton alƙali da na kwamishinan wasa su ne takardu mafi daraja a duk wata taƙaddama, kuma a rukunin da babu bidiyo, galibi su kaɗai ne shaida.

Hanyoyi uku da adalci ke karkata

Ba duk hukuncin da ya karkata ne cin hanci ya jawo shi ba. Ana iya raba matsalar gida uku, kuma kowanne da maganinsa.

Na farko shi ne tasirin taro, wanda ke aiki a kan alƙali ba tare da ya sani ba. A wani bincike da aka wallafa a Ingila a 2002, Alan Nevill da abokan aikinsa sun nuna wa alƙalan wasa 40 bidiyon wasan Liverpool da Leicester. Wasu sun kalla da hayaniyar 'yan kallo, wasu kuma shiru. Waɗanda suka ji hayaniyar sun busa wa masu gida laifuka ƙasa da na sauran da kimanin kashi 15 cikin ɗari. Wani binciken da masana tattalin arziki uku suka wallafa a 2005 a kan gasar Sifaniya ya gano cewa alƙalai kan ƙara lokaci mai tsawo idan ana cin masu gida da ƙwallo ɗaya, su kuma taƙaita shi idan masu gidan ne a gaba da ƙwallo ɗaya. A Jamus an gano cewa karkatar kan ragu a filayen da hanyar tsere ta raba 'yan kallo da filin wasa. Lokacin annobar korona a 2020, da aka riƙa wasa babu kowa a filaye, bincike da dama sun nuna cewa katunan da ake ba baƙi sun ragu.

Duk wannan a Turai ne, inda alƙali ke da tabbacin komawa gida lafiya. Ana iya ƙiyasta nauyin da ke kan wanda ke alƙalanci a filin da igiya ko waya mai tsatsa ce kaɗai ta raba shi da dubban mutane, ga 'yan sanda da ba su fi a ƙirga da yatsu ba.

Na biyu shi ne alaƙa. Wanda ya tashi yana goyon bayan wata ƙungiya, ko yake zaune a garinta, ko yake karɓar albashi daga gwamnatin da ta mallake ta, bai kamata ya yi mata alƙalanci ba ko da kuwa zai yi gaskiya, domin zargi kaɗai ya isa ya ɓata sakamako. A Ingila alƙalai kan bayyana ƙungiyar da suke goyon baya, shi ya sa ba a ba Michael Oliver wasan Newcastle. A watan Disambar 2024 hukumar alƙalan ƙasar ta kori David Coote bayan ɓullar bidiyon da yake zagin tsohon kocin Liverpool, Jürgen Klopp. A ƙananan gasanni kiyaye wannan ƙa'ida na da tsada, domin ɗauko alƙali daga jiha mai nisa na buƙatar kuɗin mota da masauki, don haka sau da yawa akan koma ga na kusa.

Na uku shi ne kuɗi. Akwai cin hanci ƙarara, akwai kuma dogaro, wanda ya fi shi yaɗuwa kuma ya fi wuyar kamawa. Idan ƙungiyar gida ce ta tarbi alƙali a tasha, ta kama masa ɗaki, ta ciyar da shi, ta kuma ba shi na mota, ba sai an ce masa komai ba. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. A lokuta daban-daban alƙalan wasa a Najeriya sun koka a bainar jama'a kan bashin alawus da suke bin masu shirya gasa, kuma mai bin bashi ya fi kowa sauƙin lallashi. Yaɗuwar cacar wasanni ta waya ta ƙara wata ƙofar, domin yanzu akwai masu sha'awar sakamakon wasa waɗanda ba ruwansu da ko wace ƙungiya.

Darasin 79 da nema

Babu misalin da ya fi fito da raunin ƙananan rukunai kamar abin da ya faru a Bauchi a watan Yulin 2013. Ƙungiyoyi biyu, Plateau United Feeders da Police Machine, na neman gurbi guda na haurawa gasar Nationwide, kuma yawan ƙwallaye ne zai raba gardama. An buga wasanninsu na ƙarshe a lokaci guda. Da aka tafi hutun rabin lokaci, Plateau United Feeders na cin Akurba 7 da nema, Police Machine kuma na cin Bubayaro 6 da nema. Da aka tashi, sakamakon ya zama 79 da nema da kuma 67 da nema. Ma'ana, an zura ƙwallo 72 a minti 45 a fili ɗaya, 61 a ɗayan.

Labarin ya zagaya duniya. NFF ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu na shekara goma, ta kuma haramta wa 'yan wasa da jami'an da ke da hannu shiga harkar ƙwallo har abada, ciki har da waɗanda suka jagoranci wasannin. Abin lura shi ne, girman adadin ne ya tona asirin. Da an tsaya a ci 4 ko 5, da wuya wani ya ɗaga kai.

Ghana ma ta ga irin nata. A watan Yunin 2018 ɗan jarida mai binciken ƙwaƙwaf Anas Aremeyaw Anas ya fitar da bidiyon da ya nuna alƙalan wasa da dama suna karɓar kuɗi, lamarin da ya kai ga murabus ɗin shugaban hukumar ƙwallon ƙasar, Kwesi Nyantakyi. Kafin nan, a 2017, FIFA ta haramta wa alƙali ɗan Ghana Joseph Lamptey alƙalanci har abada saboda fenaritin ƙarya da ya bayar a wasan Afirka ta Kudu da Senegal na neman shiga kofin duniya, aka kuma sake buga wasan.

Abin da doka ta hana ɗan wasa yi wa 'yan kallo

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Rikicin fili ba daga alƙali kaɗai yake tasowa ba. Doka ta 12 ba ta tsaya a kan abin da ɗan wasa ya yi wa abokin karawarsa ba, ta haɗa har da ɗan kallo.

Laifukan da ke jawo jan kati kai tsaye sun haɗa da kai wa ɗan kallo duka ko yunƙurin yin haka ko da hannu bai same shi ba, tofa masa yawu, jifansa da wani abu cikin ƙarfi, da kuma zagi ko nuni na batsa da cin mutunci. Wanda ya yi wa 'yan kallo daƙƙuwa zai iya faɗawa cikin wannan rukuni idan alƙali ya ɗauke ta a matsayin cin mutunci.

Wajen murnar cin ƙwallo kuma, dole ne a ba ɗan wasa katin gargaɗi idan ya hau shingen fili, ko ya tunkari 'yan kallo ta yadda zai iya jawo turmutsutsu, ko ya yi abin tsokana, ba'a ko tunzurawa, ko ya cire riga, ko ya rufe fuska da wani abu. Katin na nan ko da daga baya an soke ƙwallon. Doka ta 4 kuma ta hana sanya rubutu ko hoto na siyasa, addini ko saƙon ƙashin kai a jikin kayan wasa ko rigar ciki. Wannan na da muhimmanci a wuraren da bambancin addini, ƙabila ko jam'iyya ke iya mayar da wasa wani abu daban.

Misalan da suka fi shahara daga manyan gasanni suke, domin can ne kyamara ta kama su. A ranar 25 ga Janairun 1995, Eric Cantona na Manchester United ya yi tsalle ya doki wani ɗan kallo a filin Crystal Palace bayan an kore shi daga wasa. An dakatar da shi har ƙarshen Satumba, kotu kuma ta yanke masa aikin al'umma na awa 120. A Janairun 2002 an ba Jamie Carragher na Liverpool jan kati saboda ya mayar wa 'yan kallon Arsenal kwabon da aka jefo. A 2009 Emmanuel Adebayor ya ruga tsawon fili domin ya yi murna a gaban magoya bayan Arsenal, tsohuwar ƙungiyarsa, aka ci shi tarar fam 25,000. A Nuwamban 2017 an kori Patrice Evra na Marseille tun kafin a fara wasa saboda ya shuri wani mai goyon bayan ƙungiyarsa lokacin motsa jiki. A 2020 an dakatar da Eric Dier na Tottenham wasa huɗu saboda ya haura cikin 'yan kallo yana neman wanda ya yi sa-in-sa da ɗan'uwansa.

A kusan duk waɗannan, ɗan kallo ne ya fara tsokana. Hakan na iya sassauta hukunci a gaban kwamitin ladabtarwa, amma ba ya wanke ɗan wasa. Dalilin shi ne, ɗan kallo mutum ɗaya ne a cikin taro, shi kuwa ɗan wasa idon taron duka na kansa. Hanyar da aka tanadar masa idan ana zaginsa ko jifansa ita ce ya sanar da alƙali. Idan cin zarafin na wariya ne, FIFA na da matakai uku: a tsayar da wasa a yi gargaɗi ta lasifika, a fitar da 'yan wasa daga fili na ɗan lokaci, sannan a watsar da wasan idan ba a daina ba.

Inda hanyoyin biyu ke haɗuwa

Mafi haɗarin abin da ɗan wasa ke yi bai shafi taɓa ɗan kallo ba. Shi ne nuna wa 'yan kallo cewa alƙali ya ci amana. Wanda ke zaune nesa bai ga ko ƙwallo ta taɓa hannu ba, bai ga ko an yi satar gida ba. Abin da yake gani shi ne kyaftin ɗinsa ya ruga wurin alƙali yana nuna shi da yatsa, 'yan wasa shida sun kewaye shi, benci ya miƙe. Daga nan ya samu hukuncinsa.

A watan Yunin 2019, a wasan Kano Pillars da Enugu Rangers na zagayen ƙungiyoyi shida da aka buga a filin Agege da ke Legas, an tashi 1 da 1. Kyaftin ɗin Pillars, Rabiu Ali, ya tunkari alƙali bayan tashi, magoya baya suka kutsa fili. Hukumar gasa ta ci ƙungiyar tarar naira miliyan 8, ta kuma yanke wa kyaftin ɗin dakatarwar wasa 12. A Afrilun 2022 an sake cin ta tarar naira miliyan 9 bayan an farfasa motar Katsina United a Kano. A Yunin shekarar shugaban ƙungiyar na lokacin ya kai wa mataimakin alƙali hannu a wasansu da Dakkada. An zabtare mata maki a kakar, kuma a ƙarshenta Pillars, mai kofin gasar har huɗu, ta faɗa NNL. Sai a 2023 ta dawo. Matsalar ba ta Kano kaɗai ba ce, an rufe filaye an kuma ci tarar ƙungiyoyi a kudu da arewa kan irin wannan laifi, amma labarin Pillars ya nuna cewa ƙungiyar da magoya baya ke cewa suna karewa ita ce ke biyan kuɗin fushinsu. Ƙa'idar FIFA ita ce ƙungiya na ɗaukar alhakin abin da magoya bayanta suka aikata, ko da ba ita ta sa su ba. Kundin ladabtarwar FIFA kuma ya tanadi dakatarwar aƙalla wasa 15 ga wanda ya doki jami'in wasa.

Wani lokaci asarar ta wuce maki. A 1964 a Lima, babban birnin Peru, soke ƙwallo guda a wasan Peru da Ajantina ya haifar da tarzomar da ta ci rayuka fiye da 300. A ranar 9 ga Mayun 2001 fiye da mutum 120 sun mutu a Accra a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, bayan 'yan sanda sun harba hayaƙi mai sa hawaye cikin 'yan kallon da suka fusata. A ranar 1 ga Disambar 2024, a garin Nzerekore na ƙasar Gini, taƙaddama kan hukuncin alƙali a wasan ƙarshe na wata gasa da aka shirya domin karrama shugaban mulkin soja Mamady Doumbouya ta rikiɗe zuwa jifa da turmutsutsu. Gwamnati ta ce mutum 56 ne suka mutu, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam kuma suka ce adadin ya haura 100. Wannan na ƙarshen ba babbar gasa ba ce. Irin kofin da aka saba gani ne a garuruwanmu, mai ɗauke da hoton wani babba a bakin ƙofa.

Siyasar da ke cikin lamarin

Mafi yawan manyan ƙungiyoyin arewa mallakin gwamnatocin jihohi ne: Kano Pillars, Katsina United, Wikki Tourists ta Bauchi, El-Kanemi Warriors ta Borno, Gombe United, Niger Tornadoes, Plateau United, Nasarawa United, Jigawa Golden Stars, Sokoto United da sauransu. Gwamna ne ke naɗa shugabanninsu, daga baitulmali kuma ake biyan albashi da kuɗin tafiye-tafiye. Wannan na haifar da abubuwa uku.

Na ɗaya, shugaban ƙungiya na kallon kowane wasan gida a matsayin jarrabawar kujerarsa, don haka matsin lambar cin wasan gida ko ta halin ƙaƙa daga sama yake saukowa. Na biyu, duk tarar da aka ci ƙungiyar gwamnati kuɗin talaka ne, har da wanda bai taɓa taka filin wasa ba. Na uku, gwamnatin da ke son ƙungiyarta ta yi nasara ita ce mai filin, kuma jami'an ƙungiyarta ne ke shirya tsaron da zai kare alƙalin da ya busa mata fenariti a minti na 90.

Akwai kuma asarar da ƙasa ke yi. A gasar cin kofin Afirka da aka buga a Kodebuwa a farkon 2024, Super Eagles ta kai wasan ƙarshe, amma babu alƙalin wasa ɗan Najeriya ko ɗaya cikin waɗanda CAF ta zaɓa. Alƙalin da zai busa a matakin nahiya daga gasar jiha da NLO yake farawa. Idan abin da ya koya a can shi ne yadda zai tsira da ransa, ba zai iya sauya hali rana ɗaya ba.

Matakan da aka gwada

Babu ɗaya daga cikin magungunan da ke buƙatar na'urar VAR. Waɗanda aka fi sani su ne:

- Biyan alƙalai daga asusun gasa kai tsaye kuma kafin wasa, tare da haramta wa ƙungiyar gida ɗaukar nauyin masaukinsu. Kwamitin riƙo da ya karɓi babbar gasar Najeriya a ƙarshen 2022 ya sanya biyan alawus a kan lokaci cikin manyan manufofinsa.
- Naɗa alƙali daga wajen jihohin ƙungiyoyin biyu, da wajabta masa bayyana duk wata alaƙa da yake da ita.
- Ɗaukar kowane wasa a bidiyo, ko da da waya ce a kan sanda, domin kada rahoton mutum biyu ya zama shaida tilo. Bidiyon na kare alƙalin kirki kamar yadda yake tona asirin na banza.
- Taƙaita magana da alƙali ga kyaftin kaɗai. An yi amfani da wannan a gasar Turai ta 2024, IFAB kuma ta buɗe wa sauran gasanni ƙofar ɗaukarsa.
- Korar wucin gadi. Tun kakar 2019 zuwa 2020, a ƙananan gasannin Ingila ana fitar da ɗan wasan da ya yi wa alƙali gardama na minti 10.
- Zabtare maki. Daga kakar 2023 zuwa 2024 hukumar ƙwallon Ingila ta fara cire wa ƙananan ƙungiyoyi maki 3 zuwa 12 idan 'yan wasansu ko jami'ansu suka maimaita manyan laifuka. A 2023 kuma ta fara gwajin maƙala wa alƙalai kyamara a ƙirji.
- Gurfanar da mai laifi a kotu. Dukan alƙalin wasa ko ɗan kallo laifi ne a dokar ƙasa, shingen fili ba ya mayar da shi harkar wasa.
- Wallafa hukuncin da aka yanke wa alƙalan da suka yi ba daidai ba, domin jama'a su san akwai inda ake kai ƙara.

Abin da mai bibiya zai tambaya

Idan rikici ya tashi a wani wasa, tambayar ko fenariti ce ko ba fenariti ba ita ce mafi ƙarancin amfani, domin doka ta riga ta rufe ta. Tambayoyin da ke kai mutum ga tushen matsala su ne: daga wace jiha alƙalin ya fito, kuma wa ya naɗa shi? An biya shi, kuma wa ya biya? Jami'an tsaro nawa aka tanada? Akwai bidiyo? Me rahoton kwamishinan wasa ya ce? Me kyaftin da benci suka yi a minti biyun da suka biyo bayan hukuncin? Idan an ci tara, daga wane asusu za a biya, kuma an kama wani?

Ga ƙungiyoyin gwamnati, ɗan jiha na da haƙƙin neman waɗannan amsoshi daga ma'aikatar wasanni da majalisar dokokin jiharsa, kamar yadda yake da haƙƙin tambayar yadda aka kashe kuɗin asibiti ko na makaranta.